Tsargiya: Tarihin Ciwon da Aka Ɗauka Alamar Balaga

A Kambarawa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, da wuya a zauna da dattijon da ya haura shekara sittin a ɗauko zancen yarinta bai ambaci kududdufi ba. Da zarar damina ta kankama, ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sai su cika maƙil, yara maza su mayar da su wurin iyo da kamun kifi. A can ake wuni bayan an tashi daga makarantar allo, a can ake wanke ɗan jallabi a shanya. Bayan 'yan watanni sai yaro ya tsuguna fitsari, ya ga ɗigon jini a ƙarshensa. Ba ya gaya wa kowa a gida. In ya gaya wa abokansa sai su yi dariya, domin rabinsu haka suke. Wasu manya kan ce zafin rana ne, wasu kuma su ce yaro ne ya fara zama namiji.

Sunan wannan ciwo tsargiya. Ya daɗe tare da Bahaushe har ya daina ba shi tsoro. Abin da tarihi ya bayyana daga baya shi ne, jinin da yaro ya gani yana ɗan shekara goma yakan dawo masa yana ɗan arba'in da wata kama dabam: ciwon mara, jini a maniyyi, toshewar hanyar fitsari, lalacewar ƙoda, wani lokaci ma sankarar mafitsara. Yadda aka gano alaƙar waɗannan abubuwa, da yadda jinyarsu ta sauya hannu daga zauren mai magani zuwa ɗakin ma'aikacin jinya, labari ne da ya ratsa Alƙahira da Khartum da Malumfashi.

Birnin da ya haƙa wa kansa rami

Tsohon birnin Katsina da ƙasa aka gina shi. Ganuwa da soraye da katangun gidaje, har hasumiyar Gobarau, duk daga ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar mazauna suka fito. Kowane tubali da aka ɗora ya bar gurbinsa a wani wuri, kowane yaɓen shekara ya ƙara wa ramin zurfi. Haka unguwanni suka wayi gari da kududdufai a tsakiyarsu. Amfaninsu ba kaɗan ba ne: suna shanye ruwan da zai ci gidaje, ana shayar da dabbobi, ana kwaɓa ƙasa, ana wanki. Babu wanda ya san cewa a jikin ciyayin bakin ruwan akwai wasu ƙananan dodon koɗi, waɗanda da yawansu ba su kai girman farcen ɗan yatsa ba, da su ne masaukin cutar.

A farkon shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya shigo Katsina a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Ya tarar da birni mai faɗin ganuwa wanda ƙaramin ɓangarensa ne kawai ke da mazauna, domin kasuwanci ya riga ya karkata Kano bayan jihadi. A cikin wannan shekara ɗin dai, wani Bajamushen dabam, matashin likita ɗan shekara 26 mai suna Theodor Bilharz, yana fiɗar gawa a asibitin Kasr el-Aini na Alƙahira, sai ya ci karo da wata siririyar tsutsa a cikin jijiyar jini. Ita ce tsutsar da ke zaune a jikin yaran da Barth ya wuce a lungunan Katsina, ko da yake sai bayan shekaru da dama aka haɗa wannan da wancan.

Daga Masar aka warware ƙullin

Ba abin mamaki ba ne da Masar ta zama wurin ganowa. Manoman bakin kogin Nilu sun yi dubban shekaru suna fitsarin jini. A 1910 Marc Armand Ruffer ya sami ƙwayayen tsutsar a ƙodar wasu gawawwaki biyu da aka adana tun zamanin fir'aunoni, kimanin shekara dubu uku da suka shige. Sojojin Faransa da suka shiga Masar a 1798 su ma sun kwaso ciwon. A can ma an daɗe ana ɗaukar jinin a matsayin wani mataki na girman ɗa namiji.

Bilharz ya ga tsutsar, amma ya rasu a 1862 bai san ta inda take shiga jiki ba. An shafe fiye da shekara sittin ana gardama, wasu na cewa a ruwan sha take. A 1913 wasu masana biyu na Japan, Miyairi da Suzuki, suka tabbatar cewa 'yar'uwarta da ke ƙasarsu sai ta bi ta jikin dodon koɗi kafin ta kama mutum. A 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, hukumar sojan Ingila ta tura Robert Leiper Masar saboda dakarunta na kamuwa. Shi ya nuna cewa tsutsar mafitsara, wadda masana ke kira Schistosoma haematobium, tana bi ta dodon koɗi dangin Bulinus, kuma ta fata take shiga.

Zagayen rayuwarta kuwa ga shi. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya nemi dodon koɗi ya shige jikinsa, ya hayayyafa na tsawon mako huɗu zuwa shida, sannan dubban 'ya'ya masu wutsiya su riƙa fitowa cikin ruwa, galibi da rana tsaka. Duk wanda ya tsoma jiki, cikin 'yan mintoci sun huda fatarsa. Su bi jini zuwa hanta su girma, namiji ya rungumi macen a wani kwari da ke jikinsa, su gangara tare zuwa jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. A nan za su zauna shekara uku zuwa biyar, wasu fiye da haka nesa ba kusa ba, macen tana zubar da ɗaruruwan ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ƙaya a ƙarshensa. Wanda ya huda bangon mafitsara ya fita, shi ke kawo jinin da ake gani. Wanda ya maƙale a nama kuwa, shi ne ainihin masifar, domin jiki yakan kewaye shi da kumburi, kumburin ya zama tabo, tabon ya taurare. Dodon koɗin kuma ba ya ƙarewa da ƙafewar ruwa. Yakan nutse cikin laka ya yi likimo har damina ta zagayo.

Abin da take yi wa namiji

Jijiyoyin da tsutsar ke zama a cikinsu ba mafitsara kaɗai suke yi wa hidima ba. Su ne kuma ke ratsa jakunkunan da ke tara ruwan maniyyi, da ƙululun furostet da ke ƙarƙashin mafitsara, har zuwa maraina. A 1911 wani likitan fiɗa na asibitin Kasr el-Aini, Frank Cole Madden, ya bayyana marasa lafiya biyu: wani saurayi ɗan Masar mai kumburin maraina, da wani sojan Ingila da ke ganin jini a maniyyinsa. Dukansu tsargiya ce. Wannan shi ake ɗauka bayani na farko a rubuce game da tsargiyar al'aurar maza.

Alamominta sanannu ne ga masu jinya: ciwo a ƙasan mara ko tsakanin cinyoyi, zafi yayin saduwa ko bayanta, maniyyi ya sauya launi ko ya yi gudaji, kumburi a maraina. Takan rage ingancin maniyyi, a wasu mazan har ta taɓa haihuwa. Matsalar ita ce duk waɗannan alamomi sun yi kama da na ciwon sanyi da ake ɗauka ta jima'i. Magidanci ya ga haka sai ya zargi kansa ko ya zargi iyalinsa, ya tafi kemis a ɓoye ya sha magungunan da ba su da alaƙa da ciwonsa. In haihuwa ta yi jinkiri, matar ce za a fara kai wa asibiti da wurin masu magani, shi kuwa ba a ko tambaye shi. An sha samun inda likitoci suka cire ɗan marainan mutum bisa zaton sankara ce, da aka duba a ɗakin gwaji sai aka tarar ƙwayayen tsutsa ne.

A ɓangaren fitsari kuma, tabon yakan matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ƙodar ta kumbura ta lalace a hankali ba tare da wani ciwo mai tayar da hankali ba. A 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun ba da rahoton cewa akasarin sankarar mafitsara da suke gani irin wadda ke biyo bayan tsargiya ce, kuma yawanci masu ita maza ne da ke zuwa bayan ciwo ya ci jiki.

Daga zaure zuwa ɗakin shan magani

Kafin zuwan Turawa, matsalar da ta shafi ƙasan cibiyar namiji tana hannun mutum uku: wanzami mai kaciya da ƙaho, mai maganin gargajiya da saiwoyinsa, da malami mai rubutu. Dukansu maza ne, kuma dukansu a zaure ake ganinsu, babu mai ji. Wannan sirri shi ne babban jarinsu. Maganinsu bai kashe tsutsar ba, amma jinin kan ragu da kansa idan yaro ya girma ya rage shiga ruwa, sai a ɗauka an warke.

Turawa sun shiga Katsina a 1903. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka fara asibitin En'e a birni da ɗakunan shan magani a gundumomi. Ma'aikatan farko na waɗannan wurare akasarinsu maza ne, masu wanke gyambo da ba da magani, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna malaman asibiti. Daga baya aka tsara aikin a dokance: an kafa Majalisar Aikin Jinya ta Nijeriya a 1947, aka haɗe ta da ta ungozoma a 1979.

Maganin da ya zo hannun waɗannan malamai mai tsanani ne. A 1918 wani likita a Khartum, John Christopherson, ya nuna cewa gishirin antimoni yana kashe tsutsar. Allura ce ta jijiya da ake maimaitawa har tsawon makonni, tana sa tari da amai da ciwon gaɓoɓi, takan kuma taɓa zuciya. In ta zuba a wajen jijiya sai wurin ya zama gyambo. Nasarar maganin ta dogara kacokan ga hannun mai yin allurar da haƙurinsa wajen lallashin mara lafiya ya dawo gobe. Da yawa ba sa dawowa. Manomin da ke ganin jininsa ba ya hana shi noma, me zai sa ya jure allurar da ke kwantar da shi?

Masar ta bar wa masu jinya na duniya darasi mai ɗaci a kan wannan allura. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980 an yi wa miliyoyin mutane ita a ƙauyuka, ana maimaita sirinji ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Aka rage tsargiya, aka yaɗa ciwon hanta nau'in C, har ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen kason jama'arta da ke ɗauke da shi.

Malumfashi da zamanin madatsun ruwa

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya sa gwamnatocin Arewa suka duƙufa gina madatsun ruwa. Kano ta kammala Tiga a 1974. A ƙasar Katsina aka yi Ajiwa don shayar da birni, daga baya Zobe a Dutsinma da ta Jibiya, ban da ƙananan madatsun ƙasa da aka watsa a ƙauyuka. Ruwa ya samu, noman rani ya bunƙasa. Sai dai kududdufin da kan ƙafe da bazara yanzu ya sami babban wa da ba ya ƙafewa. Ghana ta riga ta ga haka bayan an datse kogin Volta a Akosombo a 1965, inda tsargiya ta mamaye ƙauyukan masunta na bakin tafkin.

A daidai wannan lokaci ne Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka kafa wani shirin bincike a Malumfashi, wadda a lokacin take ƙarƙashin jihar da ke da hedikwata a Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Herbert Gilles na cikin jagororinsa, R. N. H. Pugh kuma ya ɗauki ɓangaren tsargiya. Sun bi ƙauyuka suna gwada fitsari, suka kuma zauna a bakin madatsar Ruwan Sanyi suna lura da wanda ke shiga ruwa, da abin da ya kai shi, da lokacin da ya shiga.

Sakamakon ya bayyana dalilin da ya sa tsargiya ta fi zama ciwon maza a wannan yanki. Fiye da kashi tara cikin goma na mu'amala da ruwan maza ne ke yin ta, su ne masu su da wanka da iyo, mata kuwa suna gida. Yara maza da samari su ne suka fi zuba ƙwayayen cutar a ruwa. Lokacin da aka fi cika bakin ruwa, wato bayan rana ta take, shi ne kuma lokacin da 'ya'yan tsutsar suka fi fitowa, kuma lokacin da ƙwai ya fi yawa a fitsari. Masu binciken sun yi gargaɗin cewa ƙananan madatsu suna ƙara yaɗuwar ciwon, suka kuma ba da shawarar a riƙa amfani da ɗan tsinken takarda mai sauya launi in akwai jini a fitsari, domin ma'aikacin ƙauye ya iya tace masu ciwo sosai ba sai da madubin likita ba.

Ƙwaya ta samu, saura isarwa

A shekarun 1970 kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samar da firazikwantel, ƙwayar da ake sha sau ɗaya, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ita ta tura allurar antimoni tarihi. A 2001 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince a riƙa ba yaran da suka isa makaranta maganin a kai a kai. Merck ya fara bayar da shi kyauta a 2007, a 2012 kuma ya yi alkawarin ƙara kyautar zuwa ƙwaya miliyan 250 a shekara. Duk da haka, a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin a duniya, akasarinsu a Afirka, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu.

Rabon da ake yi a makarantun firamare ya sauƙaƙa aiki ƙwarai. Ana tsayar da yaro jikin sandar awon tsayi: daga santimita 94 ƙwaya ɗaya, har zuwa biyar ga wanda ya kai 178. Amma tsarin ya bar mutum biyu a waje, kuma su ne binciken Malumfashi ya nuna da yatsa. Na farko almajiri, wanda ba ya cikin rajistar firamare, wanda kuma kududdufi ne wurin wankansa da wankinsa. Na biyu baligi, masunci ko mai noman rani ko mai wankin mota a bakin ruwa, wanda ya ɗauko tsutsar tun yana yaro. Saboda irin wannan giɓi ne a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara, ta ce inda ciwon ya kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa magani daga ɗan shekara biyu zuwa sama.

Aikin da ya rage a hannun mai jinya

Mutumin da ya taso daga Kambarawa ya nufi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ciwon mara, ma'aikacin jinya ne zai fara gani. Abin da zai biyo baya ya rataya ga wannan zama na minti biyar. Dattijo ba zai ambaci maniyyi a gaban layin mutane ba, ko a gaban yarinya sa'ar 'yarsa. Mai jinyar da ya san aikinsa yakan ja labule, ya gaishe shi, ya kira shi Baba ko Malam, ya fara daga nesa: a ina ya tashi, yana shiga ruwa yana yaro, ya taɓa ganin jini a fitsari? Wannan tambaya ta yarinta takan buɗe bakin da tambayar kai tsaye za ta rufe, kuma takan ɗauke wa mutum nauyin zargin da ya shigo da shi.

Sauran aikin na kula ne. Fitsarin gwaji a karɓe shi tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, a kuma tabbatar an haɗa da na ƙarshe. Rashin ganin ƙwai a fitsari bai wanke mutum ba, domin wani lokaci sai a maniyyi ake samunsa, ko a ga tabon a hoton mara. Ƙwayar a sha ta bayan an ci abinci, a gaya wa mai sha cewa jiri da murɗar ciki na 'yan sa'o'i ba abin tsoro ba ne. A kuma gaya masa gaskiya biyu: maganin ba ya hana sake kamuwa, kuma ba ya goge tabon da ya riga ya taurare. Baligin da jini ya ci gaba da zuwa masa bayan magani, ba a sallame shi da wata ƙwayar ba, a tura shi wurin likitan mafitsara.

Wanda ciwo ya kai ga sa masa robar fitsari kuwa, jinyarsa ta bi shi har gida. A koya masa wanke hannu kafin ya taɓa ta, da ajiye jakar ƙasa da mara, da yawan shan ruwa, da ranar da za a sauya ta. A faɗa masa zazzaɓi ko tsayawar fitsari na nufin ya dawo nan take. Da yawa abin da ya fi damunsu shi ne tsarki da salla, alhali malaman fiƙihu sun daɗe da yin sauƙi ga mai yoyon fitsari, sai dai a tura shi ya tambaya. Haka nan hanin da ya zo a hadisi game da yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, wanda kowane alaramma ya sani, shi ne daidai inda ake yanke zagayen tsutsar.

An cike da yawa daga kududdufan cikin birni an yi gine-gine a kansu, amma sababbin unguwanni na bayan ganuwa suna haƙa nasu, kuma madatsun ruwa suna nan. Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Yaron da ya ga jan ɗigo a ƙarshen fitsarinsa wannan kaka, maganinsa ƙwaya biyu ne ko uku, a sha sau ɗaya. Abin da ake bukata shi ne wani babba a gida ko a tsangaya da zai ɗauki maganar da muhimmanci, ya kama hannunsa zuwa asibiti.